Gida a Landan, iyali a Kano: wa zai gaje ni idan ta Allah ta kasance?

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne ɗan shekara 68, haifaffen Kano. Karatu ya kawo ni Ingila a 1989, daga nan zama ya kama ni. Na yi shekara 30 ina aiki a wani kamfanin sufuri a Landan har na yi ritaya, kuma na daɗe da karɓar fasfon ƙasar. A 1991 aka ɗaura mini aure da uwargidana a Kano, na ɗauko ta, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, namiji ɗaya da mata biyu, duk sun girma suna aiki. A 2015 zama ya ƙi daɗi, na sake ta a falonmu a gaban abokaina biyu, ba mu je kotu ba. Tana nan a gidan da muka saya da sunanmu mu biyu, wanda yanzu zai kai fam 480,000, ni kuma ina haya. A 2018 na auri wata malamar makaranta a Kano, muna da yaro ɗan shekara 6 da yarinya 'yar shekara 3. Ba ta taɓa zuwa Ingila ba, ni nake zuwa in yi wata huɗu ko biyar duk shekara. Gidan da suke ciki da kuɗina aka gina shi, amma takardar filin da sunan ƙanena take, don shi ya tsaya a kan ginin. Ina da ajiyar fam 30,000, da fanshon gwamnati da na wurin aiki. A 2012 na taɓa rubuta wasiyya na bar wa uwargida komai. Iyayena sun rasu. Bara aka yi mini aikin zuciya, tun daga nan barci ya ƙaurace mini. So nake a raba abin da na bari yadda Allah ya ce, kada a zalunci kowa. Manyan 'ya'yana ba sa son a ta da maganar amarya. Ta ina zan fara?

Alhaji M., Landan

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi kada a zalunci kowa. Ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa bai dace Musulmin da yake da abin yin wasiyya ya kwana biyu wasiyyarsa ba ta rubuce a wurinsa ba. Wannan damuwar da ke hana ka barci damuwa ce mai kyau, kuma tana da magani, sai dai maganin na buƙatar ka tashi tsaye a cikin wannan shekarar, tun kana da ƙarfin hawa jirgi da zama gaban lauya.

Zan fara da abin da zai yi maka nauyin ji. A shari'ar Musulunci, aurenka da uwargida ya ƙare tun da iddarta ta cika, ba ta gadonka, ba ka gadonta. A wurin hukumar Ingila kuwa, har gobe matarka ce. Auren da aka ɗaura muku a Kano sun yarda da shi, tunda ya inganta a inda aka ɗaura shi. Sakin ne ba su sani ba, domin dokar iyali ta 1986 ta ce duk sakin da aka yi a cikin ƙasar, in ba kotu ce ta yanke shi ba, ba a lissafa shi. Mutanenmu da yawa a can suna zaune a kan wannan kuskuren ba su sani ba, sai ranar da aka yi rasuwa 'ya'ya suka je neman takardu.

Ka duba abin da hakan ke nufi da gidan Landan. Mallakar gida tsakanin mutum biyu iri biyu ce a Ingila. Akwai wadda kowa ke da kasonsa, in ya mutu kason ya shiga cikin gadonsa. Akwai kuma wadda duk wanda ya riga mutuwa, wanda ya rage ya haɗiye gidan baki ɗaya, ko da an rubuta wasiyya shafi ɗari. Yawancin ma'aurata wannan ta biyun suke yi lokacin saye. Idan ita kuka yi, yau in ka faɗi, rabinka na fam 240,000 ya tafi hannun uwargida, babu ɗanka ko ɗaya, babba ko ƙarami, da zai ga sisi daga ciki. Gyaran wannan ba shi da wuya, kuma ba ya buƙatar yardarta: lauya zai rubuta mata sanarwar raba mallakar, a shigar a ofishin rajistar filaye, shi ke nan kasonka ya zama naka. Amma ka kira ta ko ka aika mata wanda take ganin girmansa kafin takardar ta isa. Matar da kuka yi shekara 24 tare, ta haifa maka uku, bai kamata ta ji labari daga ambulan ɗin lauya ba.

Wasiyyar 2012 kuma, ka ɗauke ta a matsayin abin da dole a soke. A dokar Ingila sabon aure yana rushe tsohuwar wasiyya, to amma sai in sun ɗauki auren ingantacce, kuma naka na 2018 akwai magana a kansa. Idan wasiyyar tana raye, uwargida ta kwashe komai. Idan ta rushe kuma aka bi dokarsu ta wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, matar aure ce ke fara ɗaukar kayan amfanin mamaci da fam 322,000 na farko, sai abin da ya yi saura a raba biyu tsakaninta da 'ya'ya. Duk abin da kake da shi a Ingila, rabin gida da ajiya, fam 270,000 ne, bai ma kai wannan adadin ba. Ta kowace ƙofa aka shiga, 'ya'yanka biyar suna iya tashi a tutar babu.

Matsayin amarya a idon Ingila ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: a 2018, wace ƙasa doka ta ɗauka a matsayin gidanka na dindindin? Fasfo kaɗai ba ya yanke wannan. Ana duba inda aka haife ka, inda ka zauna, da inda niyyarka take ka ƙare rayuwa. Idan kotu ta ga Ingila ka mayar gida, dokar aure ta 1973 ta ce wanda yake haka ba zai ƙara mata a waje ba alhali yana da wata, auren ya zama ɓatacce a wurinsu. Idan kuwa ta ga har yanzu ɗan Kano ne kai mai niyyar komawa, auren ya inganta, su biyun duka matanka ne. An taɓa yin irin wannan shari'ar a 2010 a kan gadon wani mutumin Ghana mai mata da yawa, babbar kotu ta ce matan su raba kason matar aure a tsakaninsu. Ginin da ka yi a Kano da zuwan da kake yi duk shekara suna taimaka maka, shekara 30 da wani abu a Landan kuma suna ja ta ɗaya ɓangaren. Akwai dokar 1975 da ta ba mace da ƙananan 'ya'ya damar kai ƙara idan an bar su ba komai, har da macen da ta shiga ɓataccen aure da zuciya ɗaya, amma cikin wata shida za a shigar bayan an ba da izinin raba gado, kuma sai in mamacin Ingila ce gidansa na dindindin. Ka yi tunanin malamar makaranta tana cikin takaba a Kano, da yara biyu, tana neman lauyan da za ta biya da fam. Kada ka bar mata wannan aikin.

Shawarata ita ce ka kammala rabuwar nan a kotu. Tun watan Afrilun 2022 ba a buƙatar a ɗora wa kowa laifi, kuna ma iya shigar da buƙatar tare, kuma mafi ƙarancin lokacinta kusan wata shida ne. Ka tabbata an haɗa da hukuncin raba dukiya, domin takardar saki kaɗai ba ta rufe ƙofar neman kuɗi daga baya. Ba zan ɓoye maka ba, wannan zai ci maka wani abu. Kotu za ta duba gidan, da ajiyar, da fanshon wurin aiki, har da abin da ke Kano, kuma uwargida tana iya samun fiye da yadda kake zato. Ni dai ina ganin hakan ya fi, don abin da aka yanke kana raye kana da baki a ciki. Kuma ka tuna rabin gidan nan da ke hannunta dukiyarta ce, ba alfarma kake mata ba. Idan babban tsoronta a fitar da ita daga gidan ne, ana iya yarjejeniya ta ci gaba da zama har ƙarshen rayuwarta ko zuwa wani lokaci, kasonka yana nan a rubuce don magada, ko kuma ita da manyan 'ya'yan su sayi kason naka a hankali. In ta ƙi zancen kotu ƙememe, aƙalla ka raba mallakar gidan, ka yi sabuwar wasiyya, ku rubuta yarjejeniyar rabuwa kowa da lauyansa. Bayan an gama, ka tambayi lauyan ko akwai buƙatar sake tabbatar da aurenka da amarya ta yadda Ingila za ta san da shi.

Yanzu ga rabon da kake so, na Suratun Nisa'i. Bayan an yi maka sutura, an biya bashi, har da ragowar sadaki in akwai, an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sai a kasa dukiyar kashi takwas. Amarya tana da tumuni, kashi ɗaya. Bakwai ɗin da suka rage na 'ya'ya ne: maza biyu kowa kashi biyu, mata uku kowa kashi ɗaya. Ka lura da yadda lissafin ya faɗo. Ɗakin Kano, uwa da yara biyu, suna da huɗu, manyan 'ya'yanka na Landan ma suna da huɗu. Ƙanenka ba ya gado tunda kana da 'ya'ya maza. Ka nuna wa manyan wannan lissafin, ina jin zai rage musu zargin cewa za a kwashe komai a kai Kano. Amma lissafin yana da wani gefe: rabin gidan da amarya ke ciki na 'yan Landan ne, rabin kasonka na Landan kuma na 'yan Kano ne. In babu fahimta, ana iya sa gidan Kano a kasuwa yaran suna firamare.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi wa kadarorin biyu kuɗi, a yi sulhu cewa ɗakin Kano su riƙe gidan Kano a cikin kasonsu, a cika musu sauran daga kuɗin Ingila. Ka rubuta wannan burin naka, ka nemi amincewar manyan tun yanzu, duk da cewa amincewar da ke ɗaure su ita ce wadda za su bayar idan lokacin ya yi, kuma kason yara ƙanana alƙali ne zai duba ko sulhun ya amfane su. Kada ka rubuta cewa ka bar wa amarya gidan a wasiyya ka tsaya nan, domin babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda.

Na san zuciyarka za ta ce to in ba ta gidan kyauta mana tun ina raye. Kyauta halal ce, amma a mazhabar Malikiyya da kotunan Kano ke bi tana da sharaɗi mai tsauri: sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai kyautar ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali. Kyautar da aka yi a ciwon ajali hukuncin wasiyya take ɗauka. Sannan malamanmu sun keɓe gidan da miji yake zaune a ciki da matarsa: in ya ba ta shi ya ci gaba da zama, ba a ɗauka ta riƙe ba, saboda muhalli dama wajibinsa ne. Gidaje da yawa sun koma cikin gado ta wannan hanyar, takardar kyauta tana hannun mace. Abin da ya fi tsabta shi ne ka ba ta wani abu daban, shago ko fili ko ɗakunan haya, da sunanta, ita ke karɓar kuɗin hayar, a gaban shaidu. In gidan kake so lallai, ka zauna da malamin da ya san aikin kotu ya tsara maka yadda riƙon zai inganta. Kyauta ga ƙananan yaran kuma sai ka tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan fifita ɗa guda. Ka ɗauki nauyin karatun manyan har suka tsaya da ƙafarsu, don haka ware wa ƙananan kuɗin makaranta yana da hujja, amma ka yi shi a fili da sanin yayyensu. Tunda an yi maka aikin zuciya, ka karɓi takardar likita da ke nuna kana cikin hayyacinka da lafiyarka a ranar da ka sa hannu.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai gidan ya dawo sunanka. Ba na zargin ƙanenka, mutumin da ya sha rana a kan gininka ya cancanci godiya. Amma rai ba a hannunsa yake ba. In ya riga ka tafiya, 'ya'yansa za su tarar da takarda da sunan ubansu, kuma ba za ka ga laifinsu ba in sun ɗauka nasu ne. A zuwanka na gaba, ku fara da rubutaccen iƙirari a gaban shaidu cewa gidan naka ne, sannan lauya ya shirya takardar sauya mallaka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake sauya sunan mai takardar mallakar fili ta C of O, a Kano kuma ta hukumar rajistar filaye ta KANGIS ake bi, saboda haka ka ba abin lokaci. Ka tattara rasit ɗin kuɗin da ka riƙa turowa. Kuma ga amfanin sulusin nan: ƙanenka ba magaji ba ne, uwargida ma yanzu ba magajiya ba ce, dukansu kana iya yi musu wasiyya daga ciki. Faɗa masa hakan zai sa maganar takardar ta zo masa da sauƙi.

Wasiyya biyu za ka yi, ɗaya ta kayan Ingila, ɗaya ta kayan Najeriya, domin gida da fili dokar ƙasar da suke ciki suke bi. Ka sa lauyoyin biyu su ga aikin juna, saboda yawancin wasiyyoyi suna buɗewa da cewa sun soke duk wadda ta gabace su, sai ta biyun ta kashe ta farkon ba da niyya ba. Ta Ingila sai ka sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci ɗaya, kuma kada shaidan ya zama mai cin gado ko mijinta ko matarsa, in ba haka ba kasonsa ya faɗi. Dokarsu ta ba ka 'yancin raba dukiyarka yadda kake so, don haka rabon Musulunci yana shiga, amma kada a tsaya a jimla ɗaya cewa a bi shari'a. A ambaci mazhaba, a ambaci wanda zai yi lissafin. Masu zartarwa, ina ganin babban ɗanka tare da lauya, don kada nauyin ya zama nasa shi kaɗai a tsakanin uwarsa da ƙannensa. A ta Kano ka naɗa wasiyyin da zai kula da dukiyar yaran. Mace tana iya zama wasiyyiya, kuma ban ga wanda ya fi uwarsu cancanta ba, ko da za ka haɗa ta da wani amintacce.

Haraji ba shi ne babban ciwonka ba, amma ka san da shi. Tun 6 ga Afrilun 2025, wanda ya zauna a Ingila shekara 10 cikin 20 da suka wuce, harajin gado yana hawa dukiyarsa ta ko'ina, har da gidan Kano, kuma ga mai daɗewa irinka yana bin mutum har shekara 10 bayan ya bar ƙasar. Ba a biyan komai a kan fam 325,000 na farko, akwai ƙarin har 175,000 idan gidan zama ya tafi ga 'ya'ya bisa wasu sharuɗɗa, abin da ya haura kuma kashi 40 cikin 100 ne. Da alama kana ƙasa da layin ko dab da shi, lauya zai tabbatar.

Fansho ya fi damuna. Na gwamnati, a sabon tsarin da ya fara a 2016, kusan duka yana tsayawa ne da rasuwar mai shi, kuma in ka tare a Najeriya gaba ɗaya za a ci gaba da biyanka amma ba za a riƙa yi maka ƙarin shekara-shekara ba. Na wurin aiki shi ne mai yiwuwar ci gaba da ciyar da iyali. Ka rubuta musu ka tambaya, su amsa a rubuce: wa suke ɗauka matarka a yau, me matar da aka aura a ƙarshen aiki ko bayan ritaya take samu, kuma akwai kason ƙananan yara? Tsare-tsare da yawa suna biyan yara har su kai 18 ko su gama karatu, amma sai sun san da su. Wannan ya kawo mu ga takardu: shaidar aure daga kotun shari'a, takardun haihuwa na Hukumar Ƙidaya da sunanka a kai, sunaye su dace da na NIN da fasfo harafi da harafi. Tunda ka zama ɗan ƙasar kafin a haife su, yaran nan biyu suna da haƙƙin zama 'yan Birtaniya ta wajenka. Ka nema musu fasfo yanzu, lokacin da kake nan ka amsa tambaya da bakinka.

Sai kuɗin cefane. Da zarar banki ya ji rasuwa yake rufe asusu, a can da nan, kuma fitar da izinin raba gado yana cin watanni. Sunan da ka rubuta a banki a matsayin na kusa da kai ba ya mayar da mutum magaji, wakilcin da ka ba wani kuma yana mutuwa tare da kai. Ka buɗe wa amarya asusu da sunanta, ka zuba abin da zai riƙe gidan shekara guda da kuɗin makaranta, ya zama nata tun yanzu. Wata huɗu da kwana goma na takaba ba lokacin zuwa ƙofar dangi neman na masara ba ne. Ka kuma rubuta inda kake so a binne ka. In a Landan ajali ya same ka, ɗauko gawa yana da tsada da jinkiri, kuma faɗar ra'ayinka zai hana ɓangarorin biyu jayayya a ranar da zukata suke a karye.

Manyan 'ya'yanka kuwa, ka yi musu uzuri. Sun ga an saki uwarsu bayan shekara 24, bayan shekara uku suka ji an yi sabuwa a wata ƙasa. Shirun da suke yi biyayya ce ga uwarsu, wataƙila da ɗan tsoron an maye gurbinsu. Kada ka tara su ka karanta musu hukunci. Ka fara da babban, ku biyu, ka gaya masa tsoron da ka ji a asibiti, ka nuna masa hoton ƙaninsa da ƙanwarsa, ka ce masa amanarsu za ta dawo wuyansa. Ita ma amarya ka zaunar da ita ka faɗa mata komai, har da abin da ba shi da daɗi game da matsayinta a Ingila, ka ba ta kwafin takardu da lambar lauya da ta babban ɗanka. In da hali, a tafiyarka ta gaba ka roƙi ɗaya daga cikin manyan ya raka ka Kano ko na mako guda ne, ya ci tuwon gidan, yaran su kira shi Yaya.

A wannan makon dai, ka nemi kwafin rajistar gidan Landan ka ga wace irin mallaka kuka yi, ka kama lauyan da ya saba da wasiyyar Musulmi da gadon da ya ratsa ƙasa biyu, ka sa ya rubuta maka wasiyyar wucin gadi da za ta soke ta 2012 kafin a gama sauran. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Alhaji, ya nuna maka auren autarka. Ka sake rubuto mini bayan ka dawo daga Kano.